Yoyon man idirolik: yadda ake gano shi da yadda ake tsaida shi

Ya ku ƴan'uwa manoma da direbobi, darasinmu na yau bisa mai ne. Ba man gujiya ba, ba kuma man da inji ke sha ya ƙone ba. Muna maganar man da ke ɗaga garmar tarakta. Shi ke ɗaga bayan tifa ta juye yashi. Shi ne kuma cikin kirik, wanda mutanen Najeriya ke ce wa jak, abin da ake ɗaga mota da shi in taya ta fashe. Makanikai na ce masa man idirolik.

Wata damana na tarar da wani abu cikin wani ƙauye arewa da Tasawa. Ƙungiyar manoma ta tara kuɗɗi, ta ɗauko hayar tarakta domin gonakin gujiya. Ruwa ya sauka da dare. Da safe aka fara aiki. Kafin azahar garma ta ƙi tashi. Aka duba ƙarƙashin tarakta, sai ga rairai ya yi baƙi ƙirin. Mai ya tsiyaye. Abin da ya lalace ɗan zoben roba ne, bai fi zoben yatsa girma ba. Amma babu irinsa cikin garin. Sai da aka kwana 3 kafin a kawo shi daga Maraɗi. Kafin nan ƙasa ta bushe, sai jiran wani ruwa.

Tsohon makanikin da ya zo gyara ya tambayi direban:

"Yaro, tun yaushe kake ganin ɗigo?"

"Baba, ya fi sati 2. Na ga ɗan kaɗan ne."

"To, ga kaɗan ɗin nan ya tsaida gari guda."

Daga ina mai ke samun ƙarfi?

Mai ba ya matsuwa. In ka danna shi a nan, sai ya tura a can. Wani masani Bafaranshe mai suna Pascal, wanda ya rasu a shekara ta 1662, shi ya bayyana wannan. A 1795 wani Bature na Ingila, Bramah, ya ƙera injin matsa kaya da wannan dabara. Daga baya Harry Ferguson ya sa ta jikin tarakta domin ɗaga garma. Sunansa ne kuke gani a jikin jar tarakta Massey Ferguson.

Ga misali. Cikin kirik akwai ƙaramin bututu da babban bututu. In bakin babban ya ninka na ƙaramin sau 20, to nauyin kilo 10 bisa ƙaramin zai ɗaga kilo 200 bisa babban. Shi ya sa yaro ɗan shekara 12 ke iya ɗaga motar kaya da hannu guda.

A Amurka da Faransa har faskare suke yi da wannan ƙarfi. Suna da inji mai tura gungumen icce bisa bakin ƙarfe, ya tsage biyu. Mu nan ba mu da buƙatarsa. Rassan da muke sassabewa daga gawo da kalgo, gatari ya ishe su. Amma ciwon wannan inji da na taraktarmu ɗaya ne. Kayan cikinsu ma ɗaya ne: tankin mai, famfo mai tura man, tiyo, ƙofar da direba ke buɗewa da hannu, da silinda, wato bututun ƙarfe mai sanda a ciki. Duk wurin da biyu daga cikinsu suka haɗu, mai na iya fita.

Ana auna ƙarfin turawa da wani awo mai suna bar. Bar 1 kamar nauyin kilo 1 ne bisa wuri mai faɗin farce. Iskar tayar ƙaramar mota wajen bar 2 ce. Man tarakta kuwa yana kai bar 180, wani lokaci ya wuce. Kamar a ɗora kusan buhu 2 na hatsi bisa farcenka ke nan. Ku riƙe wannan da kyau.

Kada ka nemi yoyo da hannu

Wannan shi ne abu mafi girma cikin darasin. Malamin santar ya karanta shi sau 2.

In tiyo ya yi ƴar huda, mai na fita siriri kamar allura. Wani lokaci ido ba ya ganinsa. Mutum sai ya shafa tiyo da hannu, wai yana neman wurin. Nan take mai ya huda fata ya shiga cikin nama. Bar 7 kaɗai ya isa ya huda fatar mutum. To ina ga 180?

Mugun abin shi ne, da farko ba ya ciwo sosai. Kamar ƙaya ce ta soke ka. Sai mutum ya goge hannu ya ci gaba da aiki. Bayan ƴan awoyi hannu ya kumbura, ya yi tauri, ya fara baƙi. Man yana kashe nama daga ciki. Mutane da yawa sun rasa yatsa, wasu hannu duka, saboda sun jira safiya.

In abin ya faru, kada a matse wurin. Kada a ɗaure. Kada a gasa da ruwan zafi. Kada a kai wa wanzami ya tsaga. A nufi asibitin Tasawa ko na Mayahi cikin wannan sa'a. A gaya wa likita a fili: "Man inji ne ya shiga da ƙarfi." A tafi da bidon man ko sunan da ke rubuce a jikinsa. Irin wannan rauni aiki ake yi masa, a buɗe a wanke. In likita ya ce a wuce Maraɗi, a wuce. Bai kamata awa 6 ta cika ba a yi aikin ba.

Saboda haka, kafin ka taɓa komi, sauke garma har ƙasa. Kashe inji, ka cire makulli. Motsa hannuwan idirolik gaba da baya sau 3 ko 4, domin ƙarfin da ya rage ya fita. Bari mai ya huce, domin yana ƙona fata kamar man tuya.

Masu tifa, ku ji. Kada wanda ya sa kai ƙarƙashin bayan tifa in an ɗaga, sai an tokare shi da ƙarfe ko gungume mai kauri. Mai ne kaɗai ke riƙe da shi. In tiyo ya fashe, faɗuwarsa ba ta jiran kowa.

Neman wurin

Inda mai ke ɗiga, sau da yawa ba nan ne yake fita ba. Kamar ɗakin soro ne da damana. Ruwa na zuba tsakar ɗaki, amma tsagar tana can gefen indararo. Mai na gangarawa ƙasa, iska kuma na tura shi baya.

To ga dabara. A wanke wurin da sabulu ko ɗan gazuwal. A goge ya bushe sarai. A barbaɗa toka mai laushi bisa duk wurin da ake zato. A tada inji, a ɗaga garma a sauke sau 5. A kashe. Yanzu a duba. Inda toka ta jiƙe ta yi baƙi, a bi sawun zuwa sama. Wuri mafi tsawo da ya jiƙe, nan ne ɓarawon yake.

In ana zaton tiyo ne ya hude, a sami guntun kwali a maƙala shi bisa sanda. A bi jikin tiyo da shi daga nesa, inji na aiki. Inda kwali ya yi tabo, nan ne. Fuska da ido su nisanta.

Ƙurarmu ma tana taimako. Duk wurin da kuka ga ƙura ta manne ta yi laka a jikin inji, akwai mai a nan. Wannan shi ne gargaɗin farko.

Mahaɗa

Yawancin yoyo a mahaɗa yake, inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Hanyoyinmu na laterit da girgizar gona suna kwance noti sannu sannu. In noti ne ya yi sako-sako, a ɗaure shi da kile 2: ɗaya na riƙe, ɗaya na juyawa. In ba haka ba, tiyo zai murɗe. Rubutun da ke jikin tiyo zai nuna maka: in ya karkace, tiyo ya murɗe.

Juyi kaɗan ya isa. In an ɗaure bai daina ba, kada a ƙara ƙarfi. Na sha ganin yara suna zura bututu bisa kile su taka da ƙafa. Zaren noti ya cinye, ko ƙarfe ya tsage. Gyaran dala ya koma na jika.

In ɗauri bai yi magani ba, a kwance a duba ciki. Wasu mahaɗa na da zoben roba. Makanikai na ce masa juwan. Zafi na sa shi tauri, ya baje, ya tsattsage. Sai a sa sabo mai awo ɗaya da tsohon, a shafa masa ɗan mai kafin a sa. Robar tsohon tib ba ta tsaya masa: mai na narka ta, gutsattsarinta kuma su toshe inji. Wasu mahaɗa kuma zoben jan ƙarfe gare su. Sau ɗaya ake amfani da shi. In ana cikin daji babu sabo, maƙeri na iya gasa tsohon har ya yi ja, ya huce. Zai yi laushi, ya riƙe har a kai gari.

Zaren noti ba iri ɗaya ba ne. Injin Ingila da na Sin da na Indiya, kowane na iya zuwa da nasa. Ido na ganinsu kamar ɗaya, amma ba su shiga juna daidai. Wanda aka aika sayayya ya tafi da tsohon a aljihu.

Tiyo

Tiyon idirolik ba irin na ban ruwan garka ba ne. Cikinsa akwai saƙar waya. Rana na busar da robar waje. Gogayya da ƙarfe na cinye ta. In kun ga waya ta fito, ko tiyo ya yi ƙari kamar maruru, kwanansa ya ƙare.

Ba a ɗinke shi, ba a naɗe shi da roba. Ɗaurin da ke riƙe ruwan famfo ba ya riƙe bar 180. A cire shi a kai wurin masu matse bakin tiyo da inji, a yi sabo mai tsawo ɗaya. Ku karanta lambar da ke jikinsa: ita ke faɗin ƙarfin da yake ɗauka. Ga amfanin karatu. Kada sabon ya gaza tsohon.

Da an cire tiyo, a toshe bakin da ya rage da leda mai tsabta, a ɗaure. Kada a ajiye komi bisa rairai.

Sandar silinda da rairai

Nan ne ƙasarmu ke yi mana illa. Daga Urafan har Kanambakashe jigawa ce. Da hunturu ƙura, da bazara guguwa. Sandar silinda tana fita da ɗan maiƙo a jikinta, rairai ya manne, ta koma ciki da shi. A bakin silinda akwai roba 2. Ta waje aikinta share ƙura. Ta ciki aikinta tsare mai. In ta waje ta yage, rairai ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rairai ya karce sanda, sandar kuma ta yanke robar ciki.

Ɗan sheƙi bisa sanda ba laifi ba ne. In mai na taruwa kamar zobe a bakin silinda, yana gangarowa, roba ta mutu.

Kafin ka sayi sabuwar roba, kashe inji ka bi jikin sanda da farce. In farce ya maƙale, akwai karce. Sabuwar roba bisa sanda mai karce ba ta kai wata guda. Ƙaramin karce ana iya goge shi da takardar guga mai laushi ƙwarai da ɗan mai. Babban karce, ko sanda da ta tanƙware, sai wurin makaniki. In roba na cinyewa gefe ɗaya kullum, a zargi tanƙwara. Lodin da ya wuce kima ke kawo ta.

Tsatsa ma tana yin irin wannan ɓarna. Inji ya gama aiki, an bar shi waje wata 6 sanda na tsaye tsirara. Ruwa da raɓa su ci ta. In za a ajiye inji, a maida sanda ciki. Wadda ba ta shiga duka, a shafe ta da giris. Tsumma ɗaya mai tsabta da direba zai riƙa goge sanda da shi kowace safiya ya fi kayan gyara na jika 10.

Wani yoyon ba lalacewa ba ne

Wani ya cika tanki lokacin da bayan tifa ke sama. Da aka sauke, man da ke cikin silinda ya komo, tanki ya yi ambaliya. Ya ɗauka wani abu ya fashe. Ana auna mai ne in komi na ƙasa, inji bisa wuri mai daidai.

Tanki kuma yana da hanci, ɗan murfi mai huda da yake numfashi da shi. In ƙura ko zanzaro ya toshe shi, mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita. Sai ta tura mai ta kowace roba. A wanke hancin, yoyo ya tsaya. Ku fara duba nan kafin ku kashe kuɗɗi.

In famfo ne da kansa ke zubar da mai ta wurin da yake juyawa, wannan ba aikin gida ba ne. Haka nan ƙofar tsaro, wadda ke sakin mai in ƙarfi ya yi yawa. Kada a ɗaure ta wai don inji ya ƙara ƙarfi. Tiyo ne zai biya.

Yoyon ciki

Akwai yoyon da ba ya ɗiga ƙasa. Garma na tashi da ƙyar, ko ta tashi ta riƙa sauka da kanta. Mai bai ragu ba, ƙasa ba ta jiƙe ba. To mai na zagaye robar da ke cikin silinda, ko ƙofa ba ta rufewa sarai, yana komawa tanki. A ɗaga garma, a kashe inji, kowa ya ja da baya. In cikin ƴan mintoci ta kai ƙasa, a kira makaniki.

Man da kansa yana ba da labari. A ɗiga shi bisa farar takarda. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, ko na sama ko na tabkin da ake wanke tarakta. In yana kumfa, famfo na kuka, iska yake zuƙa: ko mai ya yi kaɗan, ko tiyon da ke tsakanin tanki da famfo ya saki. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya yi masa yawa. Cikin watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40 a inuwa. In mai ya wuce digiri 80, roba na fara tauri. Direban da ke riƙe hannu bayan garma ta kai ƙarshe, inji na ihu, dafa man yake yi. Matatar mai da ta toshe ita ma a canja ta.

Wane mai za a zuba? Wanda littafin inji ya faɗa. A jikin bido za ku ga lamba 32, 46 ko 68. Mai babbar lamba ya fi kauri. Tarakta da yawa man giya da na garma ɗaya ne, suna da nasu na musamman. Kada a zuba baƙin man da aka juye daga inji. Kada a zuba man birki, yana kumbura roba ta lalace. Man da aka auna cikin buɗaɗɗen kwalba bakin hanya, rairai na ciki. Araha ba ta ado.

Kirik

Tarakta ba kowa ke da ita ba. Kirik kuwa, duk motar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram tana da shi, har masu gyaran amalanke. In ya ƙi ɗagawa, a sauke shi duka, a tsaida shi daidai. A gefensa akwai ɗan toshi na roba. A cire. Mai ya kamata ya kai bakin hudar. In bai kai ba, a ƙara man kirik ko mai lamba 32.

In yana ɗagawa yana laushi, iska ce a ciki. A kwance ƙusar saukewa, a buga hannu kamar sau 10, a ɗaure. Kada a kwance wannan ƙusa fiye da juyi 2. Bayanta akwai ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar dawa. In ya faɗa cikin rairai, sai dai haƙuri.

A ajiye kirik tsaye, ba kwance ba. Bisa rairai a sa masa katako a ƙasa. Kirik mai yoyo yana sauka ba sallama, don haka ba a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta.

Man da ya zuba ƙasa, a rufe shi da rairai, a kwashe, a kai nesa da rijiya da garka. A cikin Gulbin Kaba ruwan ƙasa ya fi kusa, don haka a ƙara kula. Kada a shafa shi ga ƙazuwar bisashe. Ba magani ba ne, guba ce.

Aiki cikin santar

Ku ɗauki allo. Ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, wato 60 cikin minti guda. Cikin awa guda 3.600 ke nan. Tarakta ta yi aiki awa 8: ɗigo 28.800. Lita guda tana ɗaukar ɗigo wajen 20.000. Ashe a wuni an zubar da kusan lita 1 da rabi. Cikin kwana 30, lita 43, fiye da bido 2 na lita 20.

Wanda zai je kasuwa cikinku ya tambayo kuɗɗin lita guda, da kuɗɗin zoben roba guda. Ku ninka kuɗɗin litar sau 43, ku rubuta su gefe da gefe. Ran darasi mai zuwa malam ya aro kirik wurin wani direba, kowa ya nuna toshin mai da ƙusar saukewa da hannunsa.